Sunan da Baffa ya bar mini

Jiya a ajinmu na yaƙi da jahilci a Sharafiyya, malam ya ce kowa ya rubuta sunan gidansu. Ina ɗaukar alƙalami sai na tuna Baffa, dattijon da ya riƙe ni farkon zuwana Jidda.

Bayan la'asar yakan zauna ƙofar ɗakinsa a Balad yana fifita gawayi, ƙamshin shayi da na'ana'a ya cika lungun. Nan ya ba ni labarin wani injiniya ɗan ƙasar Poland da ya taɓa yi wa direba. Baturen ya ce sunansu na ƙauyen kakanninsa ne, kuma gidaje kaɗan ke amsa shi.

"Na ce masa ai na fi ka," in ji Baffa yana dariya. "Nawa sunan rijiyar garinmu ne. Fari ya watsa garin, ni kaɗai na rage, ko a iƙama, takardar izinin zamana, ba a sa shi ba. Yalla, ɗana, koyi rubutu ka rubuta mini in gani."

Ina cikin koyon baƙaƙe Allah ya karɓi abinsa. A nan ba a sa suna a kabari, yanzu ko nasa ba na ganewa.

Sunan Baffa na rubuta. Malam ya duba ya ce bai taɓa jin sa ba.

Ya Allah, Kai ka san kabarin, ka san sunan. Ka jiƙan mai shi, ka shayar da shi daga rijiyar da ba ta ƙafewa.