Darasin da Ya Tafi da Ɗalibina

A wani kwaleji kusa da Malbaza na koyar da labarin ƙasa, a ajin zana da ke bakin titi. Kishiyoyina a wannan aikin motocin siminti ne. Da babbar mota ta tunkaro, sai wuyan yara ya juya gaba ɗaya, a bar ni da taswira muna kallon juna.

Yaro ɗaya ke saurarona, ɗan wani manomin gero. Ubansa ya haƙura da hannunsa a gona don ya ci jarrabawar ƙarshen kwaleji, ni kuma na rantse sai ya ci.

Ana nan aka kira mu horo a Tahoua. Wani masani, cikin ɗaki mai sanyi, ya ce laifinmu ne yara ke gyangyaɗi, kowane darasi a tsara shi a kan abin da yara ke so. Muka tafa, muka ci shinkafa, muka dawo.

To, me yarana ke so? Na tsara darasin hanyoyin ƙasa, na gayyato direban siminti ranar da sufeton makarantu zai zo. Direban ya shigo da makulli yana lilo a yatsa. Bai ko dubi taswirata ba. Ya kwatanta Agadas, ya yi kukan injin a hawan tudu, ya faɗi garin da ya fi iya gasa nama. Hannuwa sama kamar karan dawa! Har masu barcin baya sun yi tambaya. Ɗalibina ya fi kowa, idonsa na ƙyalli. Na ji daɗi har raina.

Sufeto ya riƙe hannuna, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ce: "Mushe, wanga shi a darasi! Za mu raba tsarinka ga lakwal-lakwal, makarantun boko duka."

Kafin mako ya zagayo, wurin zaman ɗalibina ya zama fanko. Ya bi direban, ya zama yaron mota. Haushi ya hana ni cin abinci, ga tsarina yana yawo gari-gari ana yabo.

Uban ya zo da fartanya a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba.

"Mushe, an ce kai ka koya musu hanyoyi. Gwada min wadda ɗana ya bi."

Na kai shi gaban taswira, na ɗaga yatsa, na rasa inda zan sa shi.