Sunan da Malama Asabe Ba Ta Faɗa

Cikin duk kwamfutocin da suka bi ta hannuna a Gusau, wadda ban taɓa mantawa da ranarta ba ita ce laftof ɗin wata malamar firamare daga Bungudu. Ku da kuka fara koyon gyara bana, ku aje sukundireba ku saurara, don wannan ba ya cikin abin da ake koyarwa.

Wata Alhamis ce cikin damina. Lokacin ni ne babban mai gyara a shagon maigidana, ban buɗe nawa ba tukuna. Da hantsi sai ga wata mata mai kamala, shekarunta sun haura arba'in, ta yi sallama rungume da laftof naɗe cikin zani. Ta ce sunanta Malama Asabe. Ranar Asabar za ta rubuta jarrabawar ƙarin girma ta intanet, amma sai manhajar jarrabawar ta fara duba na'urar mutum ta amince da ita. Da wannan laftof ta yi rajista, ba a canzawa, kuma da la'asar ɗin wannan Alhamis ɗin za a rufe gwajin na'urar. In ba ta wuce ba, sai baɗi. Bara ma rashin lafiya ta hana ta, har waɗanda ta koya wa aiki sun sha gabanta.

Na kunna, na ga ƙorafin manhajar, na yi murmushi. Na ce, "Malama, ki zauna, kafin ki gama shan ruwa an gama." Da na san abin da ke gabana da ban buɗe baki ba.

Bari in yi wa sababbi bayani. Kowace kwamfuta tana da wani ɗan ɗaki da take fara shiga kafin ta buɗe komai, shi muke kira bayos. A ciki akwai makullin tsaro mai hana baƙuwar manhaja tayar da na'ura. Manhajar jarrabawar tana son ta same shi a kunne, na Malama kuwa a kashe yake. Aikin bai wuce ka shiga, ka kunna, ka adana, ka fito ba.

Da na zo shiga sai ya tambayi kalmar sirri. Na tsallake, ya bar ni na shiga, amma a matsayin ɗan kallo. Ga makullin ina gani, rubutunsa ya yi fari-fari, na danna ya ƙi motsi. Na nemi in mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, nan ma a rufe. Na kwance bayanta na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na jira, na mayar. Ko gezau. Na'urorin yanzu ba sa mantuwa don ka cire musu batir, a cikin wani ɗan guntu a jikin allo suke riƙe kalmar.

Na ce, "Malama, wa ya sa wa na'urar nan kalmar sirri?"

Ta ce, "Baban yara ne. Cewa ya yi sunan ɗaya daga cikin ɗiyanmu ya sa."

Alhamdu lillahi, na ce a raina, abu ya zo da sauƙi. Na ce ta jero min su. Ta fara, ina bugawa. Nusaiba, a'a. Mustafa, a'a. Sadiƙ, a'a. Irin wannan na'ura kuwa in ka yi kuskure sau uku sai ta ƙame, sai ka kashe ka sake kunnawa. Na sake. Fatima, a'a. Auta Hafsat, a'a.

Na ce, "Malama, yara nawa Allah ya ba ku?"

"Shida, Allah shi raya."

"Ai biyar kika ba ni."

Sai ta sunkuyar da kai ta kama gyaran bakin mayafi. Ashe Bello mai gyaran waya, maƙwabcin shagonmu, yana tsaye bakin ƙofa yana jin komai. Bello kuwa in dai abin dariya ne ko a wurin zaman makoki sai ya tsinto shi. Ya tuntsire ya ce, "Kai Lawali, a ina aka haife ka? Ɗan fari ne! Kana son ta kama sunan ɗan fari a tsakiyar kasuwa?"

Malama ta ce a hankali, "Kuma sunan surukina anka sa mishi."

To fa! Kunya biyu a suna ɗaya. Na tambaya me ake kiran yaron a gida, ta ce Mai Sunan Malam. Wallahi sai da na buga hakan, don wanda ya rasa mafita ba abin da ba ya gwadawa. Na'ura ta sake ƙamewa.

Muka kira mijinta, waya ba ta shiga. Dillalin hatsi ne, ya tafi wata kasuwar ƙauye can gaba da Mada inda babu sabis. Ɗan farin yana makarantar kwana, ba a barinsu da waya. Ƙannensa suna aji. Bello ya ce a kira gida, ai ba za a rasa babba ba. Malama ta kira, ta miƙo min. Wata tsohuwa ta ɗauka, na gaishe ta da ladabi, na ce Inna, don Allah sunan yanka na jikanki babba nake nema. Sai ta ce, "Ɗan wa ye kai? Sunan mai gidana, Allah shi jiƙai nai, kaka son in kama maka? Ba ka da tarbiyya!" Ƙit, ta kashe. Bello ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Ni ban taɓa shan zagin da na rasa wanda zan kai wa ƙara ba sai ranar.

Malama ta ji tausayina, ta ce za ta yi min kwatance. Wai direban da ya ɗauko ta daga Bungudu da safe, ta taɓa jin an ce sunansu ɗaya. Ban tsaya sa hula ba na hau babur sai tasha. Na kwatanta motar, 'yan kamasho suka ce, "Au, Ba Birki kake nufi!" Na ce sunansa na gaskiya fa? Suka kalli juna. Shekara da shekaru suna cin tuwo tare, ba wanda ya taɓa tambaya. Shi kuma ya yi lodi ya nufi Tsafe. A hanyar dawowa ruwa ya sauko ya yi min dukan tsiya.

Na iso shago a jiƙe sharkaf, azahar ta daɗe da wucewa. Na gaya mata gaskiya: hanya ɗaya ta rage, a cire ɗan guntun nan a sake masa rubutu da na'ura, kuma mai yin hakan ba zai gama yau ba. Ta ce, "To shi ke nan, Allah bai nufa ba," ta fara ninke zanin da ta naɗo laftof ɗin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mace ta yi shekara tana karatu bayan ta gama girki, a ce suna ɗaya ya mayar da ita gida.

Na ce, "Malama, ba sai kin faɗa ba. Na'ura ba ta da kunne. Ki danna da hannunki, ko a allo ba zai fito ba, ɗigo-ɗigo kawai za ki gani."

Ta ce ko a takardar makaranta ba ta taɓa rubuta shi ba, babansa ke cikewa. Shekara goma sha bakwai ke nan. Ta dubi agogon bango, ta dubi laftof, ta daɗe. Can ta ce, "Ku fita. Har da wannan mai dariyar."

Muka fita muka rakuɓe ƙarƙashin rumfar kwano, ruwa yana zuba mana a wuya. Bello ya kafa kunne jikin ƙofa wai zai ƙirga ƙarar madannai ya gano sunan, na finciko shi ta kwalar riga. Jim kaɗan muka ji ta ce, "Bismilla."

Na shiga na tarar ta rufe fuska da mayafi, tana dariya hawaye na zuba. Bayos kuwa ya buɗe tas. Na kunna makullin, na adana, na'ura ta tashi, manhaja ta duba ta nuna kore. Ana kiran la'asar saƙon amincewa ya shigo wayarta.

Kamar yadda ƙa'idar aiki take, na ce mata tun da muna ciki, bari in cire kalmar gaba ɗaya, ko ta zaɓi wata mai sauƙi, don kada a sake irin ta yau. Ta ɗora hannu a kan laftof ɗin ta ce, "A'a, Malam Lawali, bar shi yadda yake. Yau na samu inda zan riƙa kiran shi ba wanda ya ji."

Bello bai yi dariya ba a nan.

Tun daga ranar na canza yadda nake karɓar aiki, kuma ku ma haka nake son ku yi. In saiti ya ƙi canzuwa, kada ku yi saurin kwance na'ura. Ku tambayi mai ita ko akwai kalmar sirri, kuma kada ku ce ya faɗa muku. Ku juya masa laftof ɗin, ku tashi ku ba shi wuri. Mutanenmu ba lambobi suke kulle kayansu da su ba, da waɗanda suke ƙauna suke kullewa, kuma wani sunan ba a kama shi a gaban baƙo.