Ranar da Goggo Ta Shanya Gilasai

Goggona ta shekara ashirin da biyu tana wanke kwalabe da gilasai a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Sabulu ya cinye mata hannu, kuma ba ta iya ganin abu da lema ta wuce. Duk abin da ta wanke sai ta jera shi a bakin taga ya sha rana.

Bara aka kawo sabon aiki. Ana shafa wa ƙananan gilasai wani irin gam, a ɗora wani sinadari da ake kira furotin a kai, sannan a haska da fitila ta musamman. Hasken ne ke tayar da gam ɗin ya riƙe furotin, don daga baya a ɗiga jini a gane cuta. In haske ya riga furotin zuwa, gam ya mutu. Ba wanda ya yi wa Goggo wannan bayani, ana ganin ita dai wanki ne nata.

Wata safiya ta buɗe wani faranti da aka lulluɓe, ta ga gilasai da danshi. Ta ce, "Kai, yaran nan!" Ta kai su taga suka bushe, ta mayar ta rufe yadda ta same su.

Gwaji ya ƙi, aikin mako uku ya lalace. Dokta, shugaban ɗakin, ya ce wa ɗalibar da ta shafa gam ɗin gobe zai miƙa aikin ga wani.

Goggo na goge tebur ta ji yarinyar tana cewa, "Wallahi ko fitilar waya ban bari ta haska su ba."

Ta ce mini nan take ta tuna da gilasan da ta shanya. Ba wanda ya gan ta, kuma ta san a shekarunta in aka sallame ta, babu mai ɗaukarta. Ta goge teburin nan har sau uku kafin ta ajiye tsumma.

"Dokta, ita ma rana a cikin hasken take?"

"Sosai ma, Mama. Lafiya?"

"To, ni na shanya su. Ka bar yarinyar nan."

Can ya ce, "Ba mu taɓa gaya miki ba?"

"Wa za ku gaya wa? Tsintsiya?"

Ɗalibar ta ci gaba da aikinta. Goggo kuwa, Dokta ya sa aka ƙara mata kujera a taron safe na ma'aikatan ɗakin.

"Rabin maganarsu ba na ganewa," in ji ta, "amma ina tsayar da su, sai sun faɗa da bakin mutane."