Kujerun Baba Makulli

Tun yana da baƙin gashi aka damƙa wa Baba Makulli ɗakin taron sakatariyar ƙaramar hukuma, aka ce ya kula da shi. Shi kuwa mutum ne da ba a faɗa masa magana sau biyu. Ya kula da shi har ya wuce gona da iri.

Kujerun ɗakin a cikin leda suka zo, a cikin leda suka tsufa. Kullum da safe sai ya buɗe ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya share kafet, ya goge tebur, ya mayar ya kulle. A tsaye yake yin komai. In ƙafa ta gaji, ga bencinsa a baranda. Ma'aikata kuwa suna can cunkushe a ofisoshi, mutum ba ya miƙewa sai na kusa da shi ya matsa. In suka zo aron ɗakin, sai ya tambaya ko babban baƙo ne zai zo. In ba shi ba ne, to ga inuwar bishiya can, iska kyauta. Har shugaban ma'aikata ya gaji da ja-in-ja, ya koma yin taro a ofishinsa.

Kwatsam aka ce kula da gine-gine na cin kuɗi, za a turo wata jami'a ta zagaya. Duk ɗakin da ta ga ba a amfani da shi za a yanka shi a yi ofisoshi, mai tsaronsa kuma a san inda za a jefa shi. Hankalin Baba ya tashi ƙwarai, ya koma gida ko abinci ya kasa ci.

"Malam, ai da sauƙi," in ji matarsa. "Ka tara mutane ranar su zauna, ta zo ta ga ɗaki cike."

"Su zauna? A kan kujerun?"

"A'a, a kanka."

Ranar zagaye ta zo. Matar Baba ta kwaso surukinsu tela, da ƙannenta, da mai shayin bakin ƙofa, har da maƙwabta, kowa ya sha wanka. Baba ya tare su a ƙofa ya sa suka tuɓe takalma. Mai shayi ya fara kai gindi kujera, leda ta yi ƙara, sai Baba ya ji kamar a ƙirjinsa aka zauna.

"Tsaya tukuna! Wandon nan ya ga ruwa kuwa?"

Tela ya jingina, aka ce ya ɗaga bayansa. Wata ƙanwa ta ɗora jaka a tebur, aka sauke mata. Kafin ka ce kwabo duk sun jeru a jikin bango, hannu a baya, kamar masu jiran hukunci. A haka jami'ar ta shigo.

"Baba, taron me ake yi?"

"Taro dai, ranki ya daɗe."

"A tsaye?"

"Haka suka fi so."

Ta shafa leda, ta dubi kafet, ta jinjina kai. "Wallahi ban taɓa ganin ɗakin gwamnati mai tsabta haka ba. Kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba."

Wayyo, yabo! Abin da bawan Allahn nan ya yi shekaru yana jira ke nan, ba wanda ya taɓa furta masa. Kansa ya fasu, ya manta da komai.

"Ai ba a taɓa ba, ranki ya daɗe. Ina raye?"

Matarsa ta dafe kai.

Ba a jima ba kafintoci suka zo da katako. Aka rarraba kujerun ofis-ofis, Baba yana tsaye yana jin yadda ake yage leda, kowace yaga har cikin ransa. Shi aka mayar da shi gadin ƙofar shiga, aka bar masa kujera guda ɗaya. Ya rungumo ta ya ajiye a rumfar gadi, ya ci gaba da zama a bencinsa kusa da ita, yana korar mata ƙuda.

Wata rana matarsa ta kawo masa abincin rana, ta tarar da leda a ƙasa, shi kuma zaune a kujerar, ya jingina, idanunsa sun kawo ruwa.

"Malam, lafiya?"



"Ashe da laushi," in ji shi. Ya miƙe, ya goge wurin da hannun riga. "Zo ki zauna ki ji."