Dokas a Masaukin Kurmi

Duk wanda ya saba hawa mota a tashar Keffi ya san rumfar Dokas, ko da bai san sunanta ba. Da safe shinkafa da wake, da rana sakwara da miyar agushi. Tun tana amarya ta kafa murhu a wurin, kuma da shi ta taya mijinta Gamaliel, malamin firamare, ɗawainiyar karatun yara. Gamaliel ya yi ritaya, mutum ne mai sanyi, yana iya wuni a ƙofar gidansu a Gangaren Tudu da rediyo a cinya. Ita kuwa ko a coci, in wa'azi ya yi tsawo, sai ka ga ƙafarta tana rawa.

Bara gwiwarta ta kumbura. Likita ya ce ta huta, ta ce to, washegari aka same ta tana kirɓa sakwara. Ganin haka 'yarta Vera, mai aikin gwamnati a Abuja, ta kwashe iyayen nata da yaranta a hutun Ista zuwa wani masauki a cikin kurmi, can gaba da Panda. Rumfa kuma aka bar wa Febi, ƙanwar Dokas da ta daɗe tana taya ta.

Bukkoki ne na jinka a bakin rafi, da gadajen gora, da wata gadar igiya da ke lilo in an hau. Jikoki suka ruga kallon birai. Dokas ta leƙa bukkarta, ta ce a irin wannan aka haife ta, kuma ba ta ga abin kallo a ciki ba. Sai ta tambayi maigadi ko dajin lafiya. Ya ce lafiya lau. Ba a jima ba ta koma ta sake tambayarsa.

Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗorawa. Ta zauna, ta tashi. Ta ɗauki tsintsiya, wata ma'aikaciya ta karɓe da ladabi. Ta bi ƙanshin miya har madafa, mai girki ya ce baƙi ba sa shiga. Ta ninke kayan jikoki, ta warware, ta sake ninkewa. Babban abin da ya hana ta sakat shi ne waya ba ta shiga a wurin. Ba ta san ko mai doya ya kawo ba, ko Febi ta cika gishiri kamar yadda ta saba.

Washegari da hantsi, sauran sun tafi yawon kwalekwale, ta ji an ce akwai sabis a kan dutsen da ke bayan masaukin. Ta samu sanda ta hau, tana tsayawa tana dafe gwiwa. A can sama wayar Febi ta shiga.

Febi ta ce komai lafiya. Doya ta zo, direbobi sun ci, abinci ma ya ƙare da wuri. Dokas ta tambaya ko an neme ta. Febi ta ce wani kwandasta dai ya ce a gaishe ta.

Nan Gamaliel ya same ta, yana haki, bayan ya zagaye masaukin yana cigiya. Tana zaune a kan dutsen, wayar a tafin hannunta.

“Rumfa tana tafiya ba ni,” ta ce. “Ba wanda ya ji bambanci.”

Ya zauna kusa da ita, ya ciro dafaffiyar gyaɗa daga aljihu. Ya ce shi tun da suka yi aure bai tuna ranar da ya ganta a zaune da rana ba, sai yau. Ta harare shi, amma ta karɓi gyaɗar. Saukowa ce ta yi wuya. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, sai da ma'aikata suka zo suka tallabe ta, Vera tana bayansu tana faɗa kamar za ta yi kuka.

Sauran kwanakin a kwance ta yi su, ƙafa a kan matashi, tana aiken jikoki abin da ba ta buƙata.

Da suka dawo Keffi ba ta bar sana'a ba. Takan je rumfa da sassafe ta ɗanɗana miya, su yi 'yar gardamarsu da Febi, kafin rana ta take ta hau Keke Napep ta koma gida. Yanzu Gamaliel ne ke kai ƙara wurin Vera. Ya ce Dokas ta tumɓuke furanninsa ta shuka yakuwa da alayyahu, ta sayo kaji, kuma ta fara zancen a rushe katangar baya a faɗaɗa akurki.