Na ga ƙasan kwano a gidan surukina

Sai da yatsuna suka taɓa ƙasan kwano na ɗago kai. Kwano ɗaya muke ci da surukina a Tunuga, shi ko ƙayar kifinsa bai gama cirewa ba.

Ni direban kamyo ne, babbar motar kaya. A layin duwan, wato kwastan, na Gaya na koyi cin abinci a tsaye, idona na kan mota.

Ya turo mini kifinsa. "Ɗana, ci a hankali. Nan ba motar da za ta tafi ta bar ka."

"Na ƙoshi, Baba."

"Cikinka ya ƙoshi, hannunka ne bai samu labari ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ku fa, wane hali sana'arku ta biyo ku da shi har cikin kwano?