Dunƙulen da Baba ya tsinta a gindin rumbu

Ina sauka daga mashin a gidanmu na Pauwa na tarar da Baba tsaye gindin rumbu, yana jujjuya wani abu da bakin sanda. Dunƙulen laka ne an manna mishi tsakuwa, ga hannu biyu, ga fuska a murtuke, ba ƙafa.

Ya ce, "Sammu ne. Tunda muka yi rigimar iyakar gona da Malam Sani na san ba zai ƙyale ni ba."

Ni kuwa na gane fuskar. Na buɗe wayata na nuna mishi wani dodon dutse na cikin wasan waya da ake kama dodanni ana tarawa. Aka kira ɗiyata Hauwa, mai yawan buga wasan a wayata, ta ce ita ta gina shi, ta ajiye a inuwa ya bushe.

Baba ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "To shi wannan na ciki, wa ya turo maka shi?"

Har yau ciki-ciki yake amsa gaisuwar Malam Sani.

Jama'a, in zargi ya riga ya zauna a zuciyar dattijo, da mi ake fidda shi?